Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan jihar Karolina ta Arewa a Amurka: dokar kada da dokar alade

Mai girma Gwamna Josh Stein,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, na san ba ka jin Hausa. Da ita na rubuta saboda da ita nake fushi idan raina ya ɓaci. 'Yata ta ɗauki alkawarin juya maka takardar zuwa Turanci, har ta ce za ta rage mata yaji, na ce kada ta taɓa ko ɗigo.

Ni mutumin Kano ne, amma na daɗe a gundumar Duplin, ina tuƙa motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda. Bari in fara da wani abu da ya same ni a Wilmington. Mun je shan iska bakin wani tafki da iyalina, ɗan autana ya hango kada ta fito da kai, sai ya jefa mata ragowar kazar da muka ci. Kafin ya ɗauko ta biyu wani jami'i ya iso. Bai yi mana tsawa ba. Ya bayyana mana cewa dokar jiha ta haramta ciyar da kada da gangan, kuma ya faɗi dalili: kadar da ta saba karɓar abinci a hannun mutum takan daina tsoron mutum, gobe sai ta nufo yaron wani tana tsammanin abinci ya kawo, ƙarshenta a harbe ta. Na ba shi haƙuri, na ce gaskiyarsa. Haka ma lokacin da aka gano cutar nan mai cinye ƙwaƙwalwar barewa a gundumar Yadkin a 2022, hukumar namun daji ba ta tsaya jan ƙafa ba, ta taƙaita zuba wa barewa abinci da gishiri a yankin, don kada su riƙa taruwa wuri ɗaya suna shafa wa juna. Mutum na tsaye a bayan gidansa, da masararsa da ya saya da kuɗinsa, hukuma ta ce a'a, domin abin ba a kansa kaɗai zai tsaya ba.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce gare mu. A gida cewa muke ba cuta ba cutarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a daren da muka dawo daga Wilmington, muna sauka daga mota iska ta juyo daga gabas, muka kwashi yara da gudu zuwa cikin gida muka rufe tagogi. Ana feshi. Na kwanta ina tambayar kaina: jihar da ta san haƙƙin maƙwabci a kan ƙashin kaza guda ɗaya, yaya aka yi ta mance shi a kan kududdufin kashin alade?

Don 'yan uwana da za su karanta wannan daga nesa, ga yadda abin yake. Aladu dubbai ake tarawa a dogayen rumfunan kwano, ƙasan rumfar da tsagogi, kashi da fitsari na zuba ta ciki. A kora su da ruwa zuwa wani makeken kududdufi a buɗe, wanda ruwansa kan rine ya yi ja-ja kamar an jiƙa zoɓo. Idan ya kusa cika, sai a zuƙo shi da inji a fesa a gonakin ciyawa da manyan bututai masu watsa shi sama. A takarda taki ne. A hancin maƙwabci kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne da zarnin fitsari, ga ƙarnin mushe daga akwatunan da ake zuba matattun aladu a bakin hanya kafin mota ta zo kwasa, ga ƙuda, ga ungulu na shawagi. Ba a shanya a waje ranar feshi. Ba a zaman tsakar gida. Akwai wata dattijuwa da nake ɗauka sau uku a mako, hankici take ɗaurewa a hanci daga ƙofarta zuwa motata, ita da aka haifa a wannan fili tun kafin a kafa rumfa ko ɗaya.

Mutanen Duplin wajen 50,000 ne, amma aladunta sun kusa miliyan 2. Ita da maƙwabciyarta Sampson su ne kan gaba a duk Amurka.

Na san wani zai ce ai Musulmi ne, alade ne ba ya so. To, a sauke wannan. Ba na ci, amma ban hana kowa ba. Mutanen da suka fi ni shan wannan wahala Kiristoci ne, akasarinsu baƙaƙen fata da kakanninsu suka sayi filayen nan bayan bauta, kuma gasasshen alade shi ne abincin bikinsu. Su ma ba aladen suke ƙi ba. Na kuma san warin masana'anta tun kafin in zo nan, don a kusa da majemun Sharaɗa na tashi. Ban zaci zan tsallako teku in tarar da abin da ya fi shi ba.

Ranka ya daɗe, tarihin nan ka fi ni saninsa, amma bari a maimaita. A 1995 kududdufin wata gona a gundumar Onslow ya fashe, galan miliyan 25 ya kwarara cikin kogin New River. A 1997 majalisa ta dakatar da kafa sababbin manyan gidajen aladu. A 1999 guguwar Floyd ta zo, duniya ta ga hotunan aladu na iyo a ambaliya. A 2007 aka haramta gina sabon kududdufi da tsarin feshi har abada. Wato jiha da bakinta ta ce tsarin ba shi da kyau. Amma tsofaffin, su dubbai, aka bar su yadda suke, ba a sa musu ranar rufewa ba. Abin da ya yi muni har aka hana sabo, ta ina tsohonsa ya zama lafiya? A 2018 guguwar Florence ta sake nuna mana amsa.

Akwai kuma yarjejeniyar shekarar 2000 tsakanin Smithfield, babban kamfanin aladu, da babban lauyan jiha na lokacin, Mike Easley, kujerar da kai ma ka zauna a kai shekara takwas. Kamfanin ya ba da dala miliyan 15 a binciko hanyar da ta fi kududdufi, da alkawarin dala miliyan 50 cikin shekara 25 don gyaran muhalli. Masana a jami'ar jiha da ke Raleigh, babban birnin jihar, suka yi aikin, suka samo hanyoyin da ke aiki. Sai aka ce sun yi tsada. A wannan kalma ɗaya maganar ta kwanta. Tsada ga wa? A 2013 wani kamfanin ƙasar Sin ya sayi Smithfield a kan dala biliyan 4.7. Shekara 25 ɗin sun ƙare, kududdufan na nan, mu ne muke biyan arhar da huhunmu.

Da hukuma ta yi shiru, mutane suka tafi kotu. Kimanin maƙwabta 500 suka kai ƙarar Murphy-Brown, reshen Smithfield da ke mallakar aladun. An yi shari'a biyar a kotun tarayya da ke Raleigh a 2018 da 2019, duka biyar maƙwabtan suka yi nasara. A ɗaya daga ciki an yanke diyyar dala miliyan 473.5 ga mutum shida, dokar jiha ta zaftare ta zuwa miliyan 94. An kawo shaidar cewa an sami alamar ƙwayoyin kashin alade a jikin bangon gidajen mutane. Tun kafin nan marigayi Steve Wing na jami'ar Chapel Hill ya auna iska da hawan jinin mazauna yankin, ya ga jinin na hawa idan warin ya yi ƙarfi. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin, kamfanin ya sasanta.

To me majalisa ta yi? Ta rufe ƙofar kotun. Dokar 2017 ta ce diyyar maƙwabci ba za ta wuce faɗuwar darajar gidansa ba, kamar dai ciwon kai da rashin barci ba asara ba ne. Ta 2018 ta ce sai wanda ke cikin rabin mil, kuma sai ya shigar da ƙara cikin shekara ɗaya da kafa gonar ko yi mata babban sauyi. Gonar da aka kafa kafin 1997 fa? Ai an gama magana. Gwamnan lokacin, Roy Cooper, ya ƙi sa hannu a duka biyun, majalisa ta tsallake shi. Na yaba masa, amma yabo ba ya buɗe taga.

Ba na neman a durƙusar da manomi. Na san wasunsu, muna gaisawa a gidan mai. Yawancinsu 'yan kwangila ne: alade na kamfani, abinci na kamfani, riba ta kamfani, amma bashin rumfa da kududdufi da zagin maƙwabta nasu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk gyaran da za a yi, a ɗora kuɗinsa a kan mai aladun. Na kuma ji ana ta murnar rufe wasu kududdufan da tamfol ana tara iskar gas ana sayarwa. Madalla. Amma ruwan da ya rage bayan an kwashe gas ɗin, wani kududdufi yake komawa, kuma fesa shi ake yi kamar da.

Na san ba kai ke yin doka ba, kuma majalisar ba ta jam'iyyarka ba ce. Amma ma'aikatar kula da muhalli a ƙarƙashinka take, ita ke sabunta lasisin gidajen nan. Ƙa'idar wari da ake da ita sai an kai ƙorafi take motsi, kuma wari ba ya jiran jami'i. Na taɓa kira da dare, aka zo bayan kwanaki, iska ta canza, aka rubuta ba a ji komai ba. Ka sa a kafa na'urorin auna iska na dindindin a unguwannin da ke kusa da filayen feshi, a riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani. Ka sa a wajabta sanar da maƙwabta kafin a yi feshi, saƙon waya kawai ya isa, ko mace ta samu ta kwashe shanyarta. Mafi girma, ka fito fili ka nemi a sa wa tsofaffin kududdufan ranar ƙarshe, ko shekara goma ce a faɗa, a rubuta. Idan majalisa ta ƙi, aƙalla za mu san sunan wanda ya ƙi.

Daga Raleigh zuwa nan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a babbar hanya mai lamba 40. Ka zo a watan Agusta, da yamma, kada a sanar da kowa. Matata za ta dama maka fura, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Idan ka iya shanye ƙwarya ɗaya a waje ranar feshi, zan janye wannan takarda.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani direba mazaunin gundumar Duplin