A kawo masu sanin harkar teyatur cikin lise tun kafin bak

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani da idona.

Yarona na biyu ya ci bak bara, wato jarrabawar gama lise (babbar sakandare), ina murna ina cewa to ga likita ko injiniya, sai ya zo da dare yana sunkuyar da kai wai Baba ni wasan kwaikwayo nike so in karanta a jami'a. Wallahi kwana biyu ban amsa gaisuwarshi ba. Ni a sanina teyatur abin da ake yi ne da marece a gidan matasa a yi dariya a watse, ban san ana zama aji a kanshi ba har a ba mutum diploma.

Uwarshi ce ta matsa sai mun je wajen wani dattijo nan Zango, tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, wanda ya yi wasa tun zamanin ƙungiyoyin samariya lokacin mulkin Shugaba Kunce, yanzu shi ke shirya yara masu son wannan karatu. Na tafi da niyyar in ce mishi ya fita harkar ɗana. Bai ma bari na fara ba, ya ce Alhaji zauna, jami'ar garin nan sunan wa take ɗauke da shi? Na ce Andre Salifu. Ya ce to mutumin nan da aka haifa nan Damagaram a 1942 ya rasu a 2022, farfesan tarihi ne kuma marubucin wasan kwaikwayo ne, ko ka taɓa jin an ce ɗan iska ne? Na yi shiru.

Abin da ya sa na yarda da shi, bai yi ma yaron alkawarin komi ba. Ya ce mishi ƙiri-ƙiri ba a ɗaukar ɗan wasa aikin gwamnati kamar malamin asibiti, mafi yawa da wasannin faɗakarwa na ƙungiyoyi da rediyo da koyarwa suke ci, wata a samu wata a rasa, in ba ka iya wannan ka koma tun yanzu. Sannan ya baje mana hanyoyin: akwai sashen fasaha da al'adu a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Faransanci ake yi amma tafiyar wajen kilomita 900 ce ga kuɗin haya, akwai kuma sashen wasan kwaikwayo a Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, Kano kusa ce ba ta kai kilomita 300 ba sai dai Ingilishi, wanda yaranmu ke yi ma riƙon sakainar kashi a lise.

Wata huɗu suna aiki. Numfashi, ɗaga murya ba tare da ihu ba, haddace dogon jawabi da Hausa da Faransanci, karanta wasa a gane me marubucin ke nufi, har haɗa dosiye, wato takardun neman shiga jami'a, shi ya zauna da shi. Rannan na leƙa na tarar ya sa shi maimaita shigowa ɗaki kawai sau wajen ashirin, shigowa fa! Na ce Malam wannan kuma fa, ya ce wanda bai iya shigowa ba wa zai saurari maganarshi. Yaron da in baƙo ya zo sai ya ɓuya, yau shi ke bayani a taron dangi. Yanzu yana Yamai.

Mu dace muka yi, don maƙwabciya ce ta san dattijon. Yara nawa ne a Garin Malam da Kara-Kara, balle Mirya da Magarya, masu wannan baiwa da ba su taɓa jin akwai karatun ba? Roƙona ga masu kula da ilimi da al'adu na jiha, a riƙa gayyato irin waɗannan tsofaffin ƴan wasa cikin lise ko sau biyu a shekara, a ba su ɗan na mai, kuma a kira iyaye su zauna ranar don mu ne ke hanawa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani uba daga unguwar Birni, Damagaram