Godiya ta musamman ga ma'aikatan da suka ceci laftof ɗina daga fomatin

Assalamu alaikum. Na ga godiyar baki da na yi musu ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta fili kowa ya gani. Ina magana ne a kan ma'aikatan sashen gyara da sauraron kwastomomi na kamfanin da na sayi laftof ɗina, musamman baiwar Allah ɗin nan mai ɗaukar waya da injiniyan da ya zauna da ni kusan awa biyu ko tsaki bai yi ba.

Ni gyaran hoto ne sana'ata, da laftof ɗin nan nake rufa wa kaina asiri. Sati uku cur ina fama, in buɗe hoto a manhajar da nake aiki da ita, da na zuƙo shi ko na ja burushi sai baƙaƙen akwatuna su fito tsakiyar hoton, wani lokacin wani siririn layi kore ya ratsa fuskar mutum, wani lokacin sikirin ya ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta ya dawo, daga nan kuma ta sandare, maus ba ya motsi, ni kuma ban adana aikin ba. Duk wanda na gaya wa magana biyu ce, ko a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows, ko kuma sikirin ya mutu a sa sabo.

Da na kira su har na fara faɗa wallahi. Matar nan ta bari na gama sannan ta ce, Malam, yi haƙuri, a ko'ina yake yi ko sai a wajen gyaran hoto? Na ce bidiyo da intanet lafiya lau. Ta ce to da zarar layin ya fito ka danna Print Screen, maɓallin da ke ɗaukar hoton abin da ke kan sikirin, ka turo min. A raina na ce wannan wasa take da hankalina. Ashe dabara ce, in layin ya fito a cikin sikirinshot to matsalar ta faru tun kafin hoton ya iso gilashi, in kuma sikirinshot ya fito fes alhali idonka na ganin layi, to gilashin ne ko siririn kebul ɗin da ya bi ta mahaɗin murfi. Nawa ya fito da layinsa tsaf. Ta sa na haɗa da talabijin ta kebul ɗin HDMI, can ma ga shi nan. Ta ce sikirin ɗinka ba shi da laifi, kada ka yarda a canja maka, kawo ta ofishinmu.

Injiniyan da na samu bai karɓe ta ya shige ciki ba, kujera ya jawo min. Abu na farko ya shiga saitin manhajar ya cire alamar da ke ba ta damar amfani da katin girafis, wato ɓangaren da ke zana hoto a sikirin, ya buɗe hoton da ya fi ba ni wahala, babu layi babu akwati, sai dai ta yi nauyi. Ya ce ka gani, ɓarawon yana tsakanin manhajar da katin. Ya buɗe Task Manager, inda ake ganin aikin da kowane ɓangare ke yi, ya nuna min ashe kati biyu ne a laftof ɗin, ƙarami da ke haɗe da furosesa, ƙwaƙwalwar injin, da kuma babba mai zaman kansa, ƙaramin yana ta haƙilo a kashi 100 babban yana kwance a 0, ni da na sayi injin saboda babban. A saitin Windows ya ɗaura manhajar a kan babban. Sannan ya koma kan direba, ba mai tuƙi ba, ɗan shirin da ke fassara tsakanin Windows da katin, nawa tsoho ne an yi ta ɗora sabo a kansa, ya shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ya goge shi kaf ya sauko da wanda aka yi wa irin laftof ɗina.

Ɗaukewar sikirin ma ya warware min ita. Ya ce Windows na jiran katin daƙiƙa 2 ne kawai, in bai amsa ba sai ta tayar da direban da kanta, wannan ƙiftawar ita nake gani. Ya koya min danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙifta, sau da yawa ya farfaɗo ba sai ka danne makunni ka yi asarar aiki ba.

Sandarewar kuma ashe laifina ne, in faɗi gaskiya. RAM ɗina, ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki a ciki, 8GB ne, in ya cika manhajar kan aro wuri a cikin disk, ni kuwa na cika disk ɗin da hotuna saura 4GB kacal, ina za ta aro? Ga zafi. Da ya buɗe bayanta ya zaro ƙurar da ta toshe mafitar fanka, ta dunƙule kamar audugar katifa, na ji kunya sosai don a kan gado nake ɗora ta in yi aiki. Ya ce furosesa in ta doshi digiri 100 rage gudu take don kada ta ƙone, shi ne kake ji kamar ta tsaya. Ya share, ya sa sabon man sanyaya furosesa, ya ce in kwashe tsofaffin hotuna zuwa wani disk na waje.

Abin da ya fi tsaya min a rai, da sun ce sikirin ne da na biya ban yi musu ba, don ban san komai ba. Ba su yi ba. RAM ma da na ce a ƙara min nan take, cewa ya yi in je in gwada sati guda tukuna, in ta ci gaba sai a mayar 16GB. Bayan kwana uku matar nan ta sake kirana ta ji ko layin ya dawo.

Injiniya, Hajiya, da shugabannin da suka horar da ku haka, na gode, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Jiya na gyara hotuna 60 a zama ɗaya ko ƙiftawa ba ta yi ba, kuma a kan tebur na yi aikin, Injiniya, ban koma gado ba.