Ana ta gyaran taswira, kansila ya zama ɗan kallo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke cina game da garambawul ɗin da gwamnatoci ke yi wa ƙananan hukumomi, yau a haɗe su gobe a yayyanka su, amma ba mai tambayar ya majalisar kansiloli za ta kwana bayan an gama.

Dubi Denmark, a 2007 suka matse ƙananan hukumomi 271 suka koma 98 wai don aiki ya fi inganci kuma a rage ɓarnar kuɗi. Ƙila an samu hakan, amma kujerun kansiloli sun ragu da kusan rabi, kenan wanda da ka san ƙofar gidansa yanzu sai ka yi tafiya kafin ka gan shi, shi ma mutanen da ke wuyansa sun fi ƙarfinsa.

Najeriya kuma akasin haka aka yi, daga 301 bayan gyaran 1976 aka yi ta tsagawa har suka kai 774, kowa na murna an ba su sakatariya da ciyaman nasu. To ina amfanin ginin tunda kuɗin sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, in gwamna ya ga dama ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma, kansiloli su watse ba wanda ya ce uffan? Sai a 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye kuma a daina wannan naɗe-naɗen.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai, na taɓa raka wata dattijuwa neman takardar filinta bayan an raba ƙaramar hukuma, tsohon ofis suka ce fayil ya tafi sabo, sabon suka ce wallahi bai iso ba, kwana uku muna zarya. Kansilanta kuwa a benci ɗaya muka zauna da shi, shi ma jira yake a kira shi, hula a hannu, ya ma rasa wa zai yi wa magana.

Shi ya sa nake roƙonka ka tura wakilanku su zauna da kansilolin kansu, a tambaye su yaushe rabon da su yi zama kan kasafin kuɗi, kuma wa ya gaji bashi da fanshon ma'aikata lokacin da aka raba ko aka haɗe.

Na gode,
Wani mai karatunku