Wasiƙar godiya ga masu shagon haɗa ondilar na birnin Tawa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga maigidan shago da yaransa baki ɗaya, mu masu haɗa wayoyin kuran da masu kula da firigon magani a nan Tawa muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, kasuwanninmu suka cika da batira da ondilar, wato akwatin da ke mai da wutar batir ta zama bolt 220 irin ta NIGELEC, kamfanin wutar Nijar. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da rana take aiki. Idan dare ya yi aka ɗauke kuran, kowa batirinsa ne gatansa. Kayan kuwa akwai na kirki, akwai na banza, kuma akasarinsu ba don zafin yankinmu na Adar aka ƙera su ba.

Abin da ya fara bambanta ku da saura shi ne ba ku sayar wa mutum kaya sai kun auna. Yaronku kan zo da ma'auninsa ya maƙala a wayar firigo, ya jira injin ya tashi, ya rubuta abin da ya gani. Firigon da ke cin wat 150 yana iya jan ninki huɗu ko biyar a daƙiƙar tashinsa, shi ya sa ondilar mai wat 300 take kuka ta mutu, mai ita ya ce an cuce shi. Sannan kuna nace wa ondilar mai fitar da wuta sumul kamar ta layi. Mai arhar nan da wutarta ke tafiya tsani-tsani tana sa inji gurnani da zafi har wayoyin cikinsa su ƙone.

Lissafinku na batir ma a fili yake. Batir biyu masu bolt 12 da ampa 200 na awa ɗaya, idan aka jera su suka ba da bolt 24, suna riƙe da wat 4,800 na awa ɗaya, amma rabi kawai ake taɓawa in ana son batirin ruwa ya yi ƙarko. Kaya masu cin wat 250, haɗe da asarar da ondilar kanta ke yi, za su kai wajen awa 8, ba kwana guda da wasu ke yi wa mutane alkawari ba. Kun kuma hana a ɗora wat 1,000 a kan bolt 12 da siririyar waya, domin wutar da za ta bi ta cikinta ta haura ampa 90. Mun sha ganin irin wannan waya robarta ta narke ta manne da bango. Ku kukan koma bolt 24, ku sa waya mai kauri kuma gajera, da fis dab da kan batir.

Amma inda kuka fi burge mu shi ne maganar zafi. Batirin ruwa mai bolt 12 ana cika shi ne zuwa wajen 14.4 idan zafin ɗaki digiri 25 ne. Wane ɗaki ne a Tawa yake digiri 25 a watan Afrilu? Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ya kamata a rage bolt 0.02 zuwa 0.03, ke nan a digiri 40 cajin ya tsaya kusa da 14. Idan ba a rage ba, ruwan batir ya yi ta tafasa yana ƙafewa, farantan ciki su fito fili su lalace, batirin jel kuma ya kumbura kamar burodi. Dama zafin kaɗai, ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwar batir. Ɗan ma'aunin zafin nan da kuke mannawa a jikin batir, wanda bai wuce ƙwayar gujiya ba, shi ke gaya wa na'urar caji ta sassauta. Abu ne mai arha, amma masu sa shi kaɗan ne.

Haka akwatin sa ido da kuka haɗa wa firigon rigakafi da na insulin. Waɗannan magunguna tsakanin digiri 2 zuwa 8 suke zama, kuma daskarewa tana kashe wasunsu kamar yadda zafi ke yi. Kun tsoma ma'aunin a cikin ƴar kwalba mai ruwa a tsakiyar firigo, nesa da bangon ƙanƙara, don ya ji sanyin da magani ke ji, kada buɗe ƙofa na minti ɗaya ya sa shi ihun banza. Idan aka wuce iyaka na ɗan lokaci, katin wayar da ke ciki ya aika saƙo ga mai gadi da mai kula da magani. Akwatin yana da ƙaramin batirinsa daban, don haka ko komai ya mutu yana iya cewa an ɗauke kuran. Kun kuma sa masa jinkirin minti 3 zuwa 5 kafin ya sake ta da inji bayan wuta ta dawo, saboda injin da aka tayar nan take iskar cikinsa ba ta lafa ba yakan cije, ya ja wuta mai yawa.

Ba za mu manta da takardar da kuke liƙawa a murfin kowane akwati ba: ranar haɗi, girman fis, inda caji ke tsayawa, da umarnin a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na famfo, a kuma share allunan hasken rana da sassafe lokacin hunturu kafin su yi zafi. Duk ma'aikacin da ya zo bayanku ba sai ya yi lalube ba.

Roƙonmu ɗaya ne: ku ƙara ɗaukar ƴan koyo daga Ƙonni da Madawa da Keita da Abalak, domin asibitocin karkarar can sun fi mu buƙatar wannan aiki, kuma kai akwati Tawa gyara yana cin kwanaki.

Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Masu haɗa wayoyin kuran da masu kula da firigon magani, Tawa