A Kawo Wa Manyan Yaranmu Gandoki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan shafin yara na jaridarku. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kuke sakawa suna da daɗi, ƙananan 'ya'yana na son su. Amma ɗan shekara 12 zuwa 15 fa? Ya wuce "ga ta nan ga ta nanku", littattafan soyayya da ke yawo a wayoyin yayyensa kuma ba nasa ba ne. A nan ƙauyenmu irin waɗannan yara sai dai su taru a shagon mai cajin waya su kalli fim ɗin Indiya da aka fassara, har dare ya raba.

Da kakar bana, bayan mun gama shigar da gero rumbu, na buɗe akwatin ƙarfen marigayi mahaifina ina neman wata takardar gona, sai na ci karo da littafin Gandoki na Malam Bello Kagara, gara ta ɗan taɓa gefensa. Na ce bari in gwada shi a kan ɗana na aji biyu a ƙaramar sakandare, wanda ko littafin makaranta sai da tsawa yake buɗewa. Bayan sallar isha'i muka zauna a zaure da fitilar sola. Daren farko mu uku ne. Kafin mako ya zagayo tabarma biyu ta kasa, har da wani dattijo maƙwabcina da ya ce shi iska kawai ya zo sha.

Abin da ya kama su shi ne labarin ya fara da ƙafarsa a ƙasa. Gandoki jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar Hausa, kuma wuraren da ake ambata na gaske ne. Da muka zo nan sai na tsaya na gaya musu cewa Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano a 1903, kuma a shekarar ce aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Tarihin da nake fama da shi a allo ba ya shiga, ga shi ya shiga a zaure. Daga nan sai labarin ya tashi sama: Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka shiga ƙasashe masu nisa, ana gwabzawa da aljannu da mayaƙan da ba su ƙirguwa. Ga kirari, ga cika baki irin na mazan jiya. Wallahi kwana biyu yaran unguwa da karan dawa suke yawo, kowa ya ce shi ne Garba Gagare.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Akwai sara da suka da yawa, don haka ban ga dacewarsa ga ɗan shekara bakwai ba. Hausarsa ma ta dā ce. Sunayen kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da kwalkwali sai da dattijon nan ya taimake ni, nan ne ma zuwansa shan iska ya yi rana. Sannan ga ƙarshen littafin, inda Gandoki ya dawo gida ya tarar Turawa sun kafa mulki, harshen labarin kuma ya yi laushi a kansu. Ɗana ya ɓata rai, ya ce, "Baba, ba su ne ya yaƙa ba?" Na ji daɗin tambayar nan fiye da komai. Na bayyana masa cewa littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934, wato a ƙarƙashin mulkin Turawan ne aka rubuta shi, su ne kuma suka buga. A gasar ce ƙanen marubucin, Abubakar Imam, ya fito da Ruwan Bagaja, shi ne ma muka sa a gaba yanzu.

Roƙona biyu ne. Na farko, ku nemi izinin kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ku riƙa kawo Gandoki kashi-kashi kowane mako, da ɗan bayanin tsofaffin kalmomi a ƙasa. Mu na karkara sai mutum ya yi takakkiya zuwa Kano kafin ya sami irin waɗannan littattafai, amma waya ɗaya ta ishi zaure guda. Na biyu, ku yi kira ga marubutanmu na yanzu su rubuta wa wannan rukuni na yara sababbin labaran jarumtaka masu tsawo, a sa 'yan mata ma a cikin jaruman, don 'yata ta tambaye ni ko Gandoki ba shi da 'ya mace da ta iya hawan doki.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani malamin firamare,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa