Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya aiko mini bindigar Indiya da sunan .303

Zuwa ga Manaja,
Sashen Kula da Abokan Ciniki.

Bayan gaisuwa. Na rubuta muku ta imel, na kira waya, amma amsarku guda ce: tsohon kayan soja ne, yadda yake haka ake sayar da shi, in kuwa ina son mayarwa sai an zaftare wani kaso daga kuɗina. Shi ya sa na fito da maganar fili. Wasiƙar Turanci tana akwatinku. Wannan ta Hausa ta 'yan'uwana ce mazauna Amurka da suka fara sha'awar tara tsofaffin bindigogi, don su san irin cinikin da ake yi da ku.

Abin da kuka tallata shi ne Lee-Enfield No. 1 Mk III mai cin harsashin .303 British, da hotonta ɗauke da kambin sarautar Ingila, kuka haɗa mini da kwalayen harsashi a ciniki ɗaya. Harsashin ya zo gida. Bindigar kuma, kamar yadda doka ta tanada, ta sauka shagon dillali mai lasisi a garinmu. Dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Yana buɗe kwalin, tun bai goge maiƙon da aka laɓta mata ba, ya ce wannan ba .303 ba ce. Magazin ya nuna mini. Na .303 gindinsa a karkace yake, yana tsukewa ta gaba, don shi kwanson harsashin a tsuke yake kuma yana da leɓe a gindi. Wannan kuwa kusan mai kusurwa huɗu ne, yana ɗaukar 12 maimakon 10. Sai ya sa tsumma ya murje ƙarfen da ke riƙe da ƙota ta ɓangaren dama. Babu kambi. Zakunan Ashoka ne, tambarin ƙasar Indiya, ƙarƙashinsu R.F.I., gajarcen sunan masana'antar Ishapore, da shekarar 1967, ga kuma 7.62mm 2A1 a rubuce ɓaro-ɓaro. Ban sa hannu a fom na 4473 ba, wanda mai saye ke cikewa kafin dillali ya miƙa masa bindiga. Bindigar tana nan a ma'ajiyar dattijon, kuɗina kuma yana hannunku.

Kada ku ɗauka raina bindigar nake yi. Masana'antar Ishapore da ke kusa da Kalkata ta daɗe tana ƙera Lee-Enfield tun zamanin mulkin Ingila. Bayan yaƙin Indiya da Sin na 1962 ne suka fito da 2A, daga baya 2A1, a kan tsohon fasalin No. 1 Mk III amma da harsashin 7.62×51 na NATO, don sojansu su daina ɗawainiya da harsashi iri biyu yayin da ake sauya musu makamai. Ba gyararriyar tsohuwa ba ce, sabuwa aka ƙera ta a haka. Akwai masu nemanta takanas, musamman da yake harsashinta ya fi sauƙin samu. Da ita na nema, da na gode muku.

To amma ba ita na nema ba, kuma ma'aikacinku ya san haka, don kafin in biya sai da muka yi doguwar magana a waya kan wane harsashi ya dace in zaɓa. Shi da kansa ya jero mini su. Ya ce Mosin-Nagant ta Rasha mai cin 7.62×54R tana da araha, sai dai tun da gwamnatin Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha a 2021 arahar ta ragu. Ya ce Mauser ta Jamus mai 7.92×57 tana dukan kafaɗa, ta Suwidin mai 6.5×55 ta fi laushi ga mai koyo. Ya ma gargaɗe ni cewa .303 ba a kowane shago ake samunsa ba, yawanci sai na Prvi Partizan daga Sabiya ko na Sellier & Bellot daga Cek, kuma da tsada. Na ce na ji, na yarda, shi nake so. Na kuma gaya masa dalili.

Kakana yana cikin mazan jiya da aka kwasa zuwa Burma a yaƙin Hitila. Runduna biyu Ingila ta haɗa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, akasarinsu 'yan Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma Hausa ce yaren bariki a wurin da yawa daga cikinsu. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo ta Arakan, suka haɗu a Myohaung a watan Janairun 1945. Har yau akwai barikin Chindit a Zariya, da na Dalet a Kaduna, da na Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen da aka ɗauko daga wancan yaƙi. Bindigar da ke kafaɗar waɗannan mutane Lee-Enfield ce, harsashinta .303. 'Yar'uwarta No. 4 ita ce muka taso muna gani wurin 'yan sanda ana ce mata Mak 4. Ina son in riƙe irin abin da tsohon ya riƙe, in ji nauyinta, in je filin harbi da 'ya'yana su ji ƙararta. Bindigar da aka ƙera a 1967, da harsashin da NATO ba ta amince da shi ba sai 1954, ba za ta yi mini wannan aikin ba, komai kamanninta da waccan.

Da na kira na faɗi abin da aka gani, matar da ta ɗauka ta ce ai na ma ci riba, in shiga kowane shago in sayi .308 Winchester, duk ɗaya ne. Wannan magana ta fi kuskuren aikowar ɓata mini rai. Gaskiya ne girmansu kusan ɗaya, kowanne yana shiga ɗakin ɗan'uwansa, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu. Amma SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsashin kasuwa a nan Amurka, ta yarda matsin da .308 ke yi lokacin harbi ya kai psi 62,000 (psi ma'aunin matsi ne), alhali .303 da aka zana wannan fasalin bindiga dominsa iyakarsa 49,000. Ɗakin harsashi na bindigar soja galibi ya fi na farauta yalwa, kwanson soja kuma ya fi na kasuwa kauri. Ga shi sakatar Lee-Enfield, ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayansa, ta baya take kullewa, ba ta gaba kamar Mauser ba. Maƙeran bindiga sun rabu a kan wannan: wasu sun ce 2A1 mai lafiya tana jure .308 na yau da kullum, wasu sun ce a tsaya kan na soja kawai. Amma ko masu sassaucin ba sa cewa a harba sai an auna bindigar tukuna. Mutumin da bai ga bindigar ba, bai ma san wace iri aka aiko ba sai da na gaya masa, ba shi da hurumin yanke wannan hukunci ta waya. Fuskar mai harbi ce ke bayan sakatar.

Maganar awon ce ta kawo ni kan abin da nake son ku amsa da gaske. A wuyan kunamar bindigar akwai 'yar takarda rawaya ɗaure da zare, an buga mata hatiminku, tana cewa maƙerinku ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda harsashi ke tokarewa, ya same ta daidai. An rubuta .303 a kanta da biro. Da wane ma'auni ya auna? Harsashin .303 da leɓensa yake tokarewa, don haka ma'auninsa kaurin leɓe yake kwaikwayo: sakata ta rufe a kan inci .064, kada ta rufe a kan .074, haka sojan Ingila suke yi. Shi kuwa 7.62 ba shi da leɓen da ya fito waje, da kafaɗa yake tokarewa can cikin ɗaki, ma'auninsa daban ne gaba ɗaya. Ba a auna wannan da na wancan. Ke nan ɗayan biyu ne. Ko dai maƙerinku ya ɗauko ma'aunin 7.62 ya auna, wato ya san abin da ke hannunsa amma aka bar .303 a takarda da talla, ko kuwa ba wanda ya auna komai, hatimi kawai aka buga. Ku zaɓi wanda kuka fi so, ku gaya mini a rubuce. In na biyun ne, akwai tambaya a kan kowace bindiga da ta fita daga ma'ajiyarku da irin wannan takarda, ciki har da tsofaffin Mauser na Sifen da aka sauya wa ɗaki zuwa 7.62, waɗanda na ga kuna tallata su a shafi ɗaya da wannan.

Na san ba a cinikin biri a sama, kuma duk mai sayen tsohon kayan soja ya yarda da tsatsa kaɗan, da tabon ƙota, da fentin da ya ɓare. Wannan shi ne ma'anar sayar da kaya yadda suke, kuma a kansa na yarda. Nau'in harsashi ba ya cikin wannan lissafi. Dokar Amurka ma ta wajabta wa mai shigo da bindiga daga waje ya buga nau'in harsashinta a jikinta, kuma a wannan ɗin an buga, kusa da bakin bututu. Karantawa ce kawai ba a yi ba.

Ga abin da nake nema. Ku aiko wa dillalin takardar jigila da kuka riga kuka biya, ya mayar muku da kayanku. Ku dawo mini da kuɗina cif, ba tare da zaftare ko sisi ba, haɗe da ladan da na biya dillalin na karɓa da ajiya. Harsashin .303 da kuka ce dokarku ta hana karɓarsa bayan ya fita, ko ku karɓa ko ku aiko bindigar da za ta ci shi, ta ainihi, da hoton tambarinta da lambarta kafin a sa ta a kwali. Sannan ku sauke tallar nan, don jiya na duba tana nan da hoto iri ɗaya, kuma an rubuta akwai saura a ma'ajiya.

In ban ji daga gare ku ba cikin mako biyu, zan shigar da ƙorafi wurin bankin da ya ba ni katin da na biya da shi, da kuma sashen kare haƙƙin masu saye na ofishin babban lauyan jiharmu. Hotunan tambarin da na takardar rawaya suna hannuna, dillalin kuma ya ce a shirye yake ya rubuta abin da ya gani.

Naku,
Abokin ciniki daga jihar Texas.