Makaɗin da kullum muke jin kiɗansa amma ba a faɗin sunansa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ɗan yi ƙorafi akan shafin nishaɗi, don gaskiya abin ya fara isata, duk sati labarin ɗaya ne, wane jarumi ya saki matarsa, wace jaruma ta sayi sabuwar mota, wane mawaƙi yayi wa wane habaici, kamar babu wani abu a duniyar kiɗa da waƙa sai wannan. Akwai wani mutum da nake da yaƙinin mafi yawan masu karatu sun taɓa jin kiɗansa ko basu sani ba, a ƙarƙashin muryar mai sanarwa a rediyo, ko a bidiyon hotunan biki da masu kyamara ke haɗawa, ko lokacin da gidan talabijin ke jiran shiri na gaba. Sunansa Yanni. Wani abokina da ke aikin haɗa sauti ya taɓa ce min wai ai irin wannan kiɗan kwamfuta ce ke yinsa, ba mutum ba, kuma fa yana da shi a cikin na'urarsa yana amfani dashi kullum.

Mutum ne mai rai. Cikakken sunansa Yiannis Chryssomallis, ɗan ƙasar Girka, an haife shi ranar 14 ga Nuwamba 1954 a Kalamata, wani gari na bakin teku a kudancin ƙasar, babansa ma'aikacin banki ne. Da farko ma ba da kiɗa aka sanshi ba, da ninƙaya ne, yana ɗan shekara 14 ya kafa tarihin ƙasar Girka a tseren iyo na mita 50. Amma abin da yafi ɗaukar hankalina a tarihinsa shine bai taɓa zama gaban malami ya koyi rubutun kiɗa irin na Turawa ba, wannan mai layi biyar da ɗige-ɗige. Da kunne ya koyi fiyano tun yana yaro, in yaji sauti sai ya nemo shi da yatsa har ya samu, da abin ya fara yi masa yawa a kai yana gudun mantuwa sai ya ƙirƙiri nasa alamomin rubutun, kuma da su ya cigaba da aiki har ya girma, in zai yi wasa da manyan makaɗa sai an samu wanda zai juya musu abin zuwa rubutun da suka iya karantawa. To mu nan ai wannan ba baƙon abu bane, duk mai kalangu ko mai goge ko mai algaita da ka sani haka ya koya, yana yaro yana bin ubangidansa yana ji yana kwaikwayo, babu takarda babu biro. Bambancin kawai shi can da ya shahara an riƙa faɗin haka a matsayin baiwa, namu kuma sai ace ai jahili ne baiyi makaranta ba.

A ƙarshen 1972 ya tafi Amurka karatu, Jami'ar Minnesota, jihar da sanyinta sai wanda ya gani, ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ya gama a 1976, yana karatun yana wanke kwanuka a wajen cin abincin ɗalibai don ya samu na kashewa. Da ya karɓi digirin sai ya ajiye shi gefe ya shiga wata ƙungiyar makaɗa mai suna Chameleon a Minneapolis, suna yawo gari-gari suna kiɗa mai ƙara a gidajen rawa. Ni dai nasan da ɗan wani Alhajin ne a nan, da an tara masa dangi an yi zaman sulhu. A 1980 ya naɗi faifansa na farko shi kaɗai, amma ya daɗe yana fama kafin a sanshi, sai wajen 1990 da ya bayyana a shahararren shirin talabijin na Oprah Winfrey tare da jaruma Linda Evans wadda suke tare a lokacin, nan kasuwa ta buɗe masa. Masu sayar da kaset suka jefa shi a rukunin da suke kira New Age, wato kiɗan sanyi na natsuwa wanda galibi babu waƙa a ciki, shi kuma ya sha faɗin baya son wannan laƙabin, amma har yau dashi ake kiransa.

Inda nake so masu karatu su tsaya su duba da kyau shine abin da yayi a watan Satumba 1993. Ya ƙudurta sai ya koma gida yayi wasa a dandalin Herodes Atticus da ke gindin tsaunin Acropolis a Atina babban birnin Girka, wani tsohon gini na dutse da aka yi tun shekara ta 161 miladiyya, kuma a ɗauki wasan a bidiyo yadda ya kamata. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyin, sai ya zuba kuɗinsa na kansa kimanin dala miliyan 2, ya ɗauko ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic daga Landan, wani ɗan asalin Iran mai suna Shahrdad Rohani shine ya jagorance su. Duk wanda bai taɓa kallon wannan bidiyon ba don Allah ya nema, yana nan a YouTube, sunansa Live at the Acropolis. Zaka ganshi da fararen kaya, ga gashi har kafaɗa ga gashin baki, yana tsaye tsakanin fiyanoni an jera wasu kan wasu dama da hagu, hannu ɗaya nan ɗaya can yana girgiza kai. Amma wallahi ba shi ne ma yafi burgeni ba, akwai wata mata baƙar fata 'yar Amurka, Karen Briggs, da jajayen kaya tana riƙe da gogen Turawa, sai shi Rohani ya ajiye sandarsa ya ɗauki nasa gogen suka shiga ja-in-ja, ita ta ja wani sauti shi ya maido mata, ta ƙara gudu ya bita, ta ƙara ya bita, har jama'a suka ɓarke da tafi. Sannan Charlie Adams mai ganga, abokinsa tun zamanin Chameleon, aka bar masa fili shi kaɗai yayi ta dukan ganguna na mintoci. Kuma shi Yanni yana kiran sunayen makaɗansa a gaban jama'a, mutane suna tafa musu. Wannan wajen ku riƙe shi, zan dawo kansa. Faifan ya fito 1994, tashar PBS ta Amurka tayi ta maimaita shi, aka sayar da miliyoyi, kuɗinsa suka dawo har da riba mai yawa.

Daga nan sai ya zama kamar ya kamu da ciwon neman wuraren tarihi. A 1997 yayi wasa a gaban Taj Mahal a Indiya, a shekarar kuma ya sake yi a tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing. Na Indiyan ya zo da rigima, don a bakin kogin Yamuna aka kafa dandalin kuma akwai manoma da abin ya taɓa gonakinsu, har wasu suka yi barazanar cinna wa kansu wuta kafin a sasanta dasu. Ni a nan bana bayansa gaskiya, kiɗan zaman lafiya da haɗin kan bil Adama amma sai talaka yayi barazanar kashe kansa kafin a saurare shi, abin bai yi tsari ba. Bayan wannan yawon a 1998 gajiya da damuwa suka kwantar dashi, ya koma Girka wajen iyayensa yayi kusan shekara biyu baya wasa. Ya dawo daga baya, a Oktoba 2015 yayi wasa a gaban dalar Giza a Masar, a ƙarshen 2017 kuma yana cikin makaɗan waje na farko da suka yi wasa a Jidda da Riyad lokacin da Saudiyya ta fara buɗe ƙofa ga irin wannan.

Masu sukar kiɗa a Amurka da yawa basu taɓa ɗaukarsa da daraja ba, suna cewa zaƙin yayi yawa, kuma sau biyu aka sa sunansa a takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa da waƙa ta Amurka, bai ci ba. Akwai ƙanshin gaskiya a maganarsu, in ka saurari faifansa uku a jere zaka fara jin kamar hanya ɗaya yake bi, a fara a hankali, a hau sama, a sauko. Wanda ya saki a 2009 da ya ɗauko matasan mawaƙa suka ɗora murya a kan tsofaffin kiɗansa ni sam bai min ba.

Yanzu ga inda na nufa. A wajenmu makaɗi kullum a bayan mawaƙi yake, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kowa yasan Mamman Shata, to a tambayi matasa goma su faɗi sunan mutum ɗaya cikin masu kalangun da suka yi shekaru suna binsa, alhali in ka cire kalangun nan rabin daɗin ya tafi. Ɗan Maraya Jos ya tsira ne saboda shi ke kaɗa kuntiginsa da kansa. Yau ma haka abin yake a situdiyo, yaro zai kwana yana haɗa kiɗa a fiyano, waƙa ta fita tayi tashe, in yayi sa'a a ambaci sunansa sau ɗaya a ƙarshe cikin sauri. Masu algaita da kakaki na fada, masu sarewa, masu gurmi, masu goge, tsofaffin sai mutuwa suke ɗaya bayan ɗaya ba tare da an naɗi kiɗansu shi kaɗai a ajiye ba.

Roƙona biyu ne. Gidajen rediyo da masu bidiyon biki in za ku sa kiɗan mutum, na Yanni ne ko na wani yaro a Fagge, ku faɗi mai shi, daƙiƙa nawa zai ci muku, kuma masu ɗorawa a Facebook ku sani haƙƙin mallaka ne yasa wani lokaci kuke wayi gari an kashe muku sautin bidiyo. Ku kuma Malam Edita ko sau ɗaya a wata a tura ɗan jarida wajen wani makaɗi, ba mawaƙi ba, a tambaye shi wa ya koya masa, da me ake haɗa kayan kiɗansa, nawa ake bashi in an dawo daga biki.

Nagode da bani wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya